Kwalbar Ruwan Kogi

Tun safe sakatariyar gidauniyar ke satar kallon tsohon. Yana zaune a bakin kujera kamar mai tsoron ɓata ta, tafukansa duk sun yi kanta irin ta mai jan taru. Masunci ne, ta ce a ranta, kuma ya sha tafiya. Yana rungume da kwalba cike da ruwa baƙi ƙirin.

"Baba, tallafin kare muhalli ta intanet ake nema. Jiya ma aka rufe."

Ya ajiye kwalbar a teburinta a hankali.

"To 'yata, miƙa wa manyanku su sansana. Koginmu ke nan. Shi jikokina ke sha."

Ta duba fom ɗin neman tallafin sama da ƙasa. Babu gurbin da ake rubuta wari.