Rabon Masu Zuwa Wata

Mu mutanen bakin kanal ba ma kallon sama. Ba zagi ba ne, haka muka taso. Tun da aka jawo ruwan dam ya ratsa ƙauyukanmu tsakanin Kura da Bunkure, idon manomi ya koma ƙasa. In ka ga mutum ya fito da sassafe yana sauri, ba gabas zai duba ba, ƙofar ruwa zai je ya ga ko an buɗe. An ce kakanninmu suna gane hadari tun yana ƙasar wasu, daga juyawar iska da yadda tururuwa ke kwashe ƙwai. Mu kuwa iliminmu bai wuce ranar da ruwa zai zo layinmu ba, da sanin wanda ya toshe wa wani hanya da buhun ƙasa. Da rani, ko ce wa mutum ka yi sama ta tsage, sai ya gama ban-ruwa zai ɗaga kai.

Mahaifina ya fi kowa a wannan hali, don shi har fushi yake da sama, ko in ce da masu zuwa cikinta. Yana da rediyo da yake ratayewa a ƙusa a bakin soro, yana saurare bayan la'asar. Zai ji labarin yaƙi, ya ji na tsadar taki, ya ji na 'yan siyasa, duk bai motsa ba. Amma da an ce wata ƙasa ta harba na'ura zuwa wata ko wata duniya can, sai ya miƙa hannu ya kashe, ya ce, "Sun gama da na ƙasa ke nan."

Kowa a gidan ya san dalili. Innarmu ta rasu wajen haihuwa, ita da abin da ke cikinta. An kai ta ɗan asibitin garinmu, aka tarar babu wuta, babu jinin da za a ƙara mata, babu motar da za ta wuce da ita. A bayan motar tumatir aka kwantar da ita, tsakanin kwanduna, kuma ba ta kai Kano ba. Baba bai cika maganar ranar ba, sai dai in an taɓo zancen masu zuwa wata. A nan ne zai ce, "Mutumin da ya kasa kai mace asibiti, me ya manta a sama? Ana ta kai wa ke ta kaya?"

Ni kaɗai ke iya tanka masa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake cewa, ni kuma na riƙe wannan muƙami da hannu biyu. Ga shi ina son labarin sama tun ina ƙarama, har na zama malamar firamare ban daina ba. Sai in ce masa ai waɗancan ƙasashe ne masu nisa, ba su suka hana asibitinmu wuta ba. Ya ce ɗan Adam ɗaya ne, kuma ya ji namu ma sun sayi nasu tauraron sun rataya. In ce da irin waɗannan na'urori ake gane hanya, ake aika saƙo. Ya ce, "Uwata, saƙon ya taɓa ƙara wa wata jini?" Daga nan nake barin maganar, domin ni ma uwa na rasa.

Akwai wani hali nasa da ya kamata in faɗa. Baba yana tsoron haƙƙi fiye da yadda yake tsoron maciji. Duk wanda ya sa hannu a amfanin gonarsa, sai ya auna masa rabo ranar casa. Wanda ya yi yanka, wanda ya ɗaure dami, matar da ta kawo ruwan sha, har wanda ya riƙe bakin buhu yana wucewa. In mutum ya ƙi karɓa, Baba zai bi shi har gida da kwano. Mutane suna yi masa tsiya cewa in tsuntsu ya kori fara a gonarsa sai ya nemi sheƙarsa.

Shekarar da nake son ba da labarinta, gidanmu yana kan siraɗi. Tsutsa ta cinye tumatirin da aka yi kafin nan, gwiwoyin Baba kuma sun daina ba shi haɗin kai, aikin duk ya koma kan Yayana. Yaya ya gaji. Ya faɗa a gaban kowa cewa alkamar bana ce gwajinsa na ƙarshe, in ta ƙi, zai tafi Kano ya ja keken haya na ɗan sahu, wani abokinsa ya riga ya yi masa hanya. In ya tafi, babu mai noma gonar, sai a ba da ita haya. Mu kuwa mun san ranar da wani ya shiga gonar nan da fartanyarsa, ranar Baba zai fara mutuwa.

Allah cikin ikonsa alkama ta yi kyau. Sanyi ya kama sosai, ruwa bai yanke ba. Aka yanke ta da lauje, aka ɗaure dami-dami, aka tara a tsakiyar gona ana jiran injin casa. Haka kowa yake yi. Injin yana bin layi, wanda ya riga kama layi shi ake fara wa, saura su bar tasu a fili tana ƙara bushewa. Ba mai rufewa, ba ma mai tunanin tamfol. Wa zai rufe alkama da rani?

A lokacin ina aure kusa da Garun Malam, ina koyarwa a can. Muna hutun tara, rediyon wani malami yana yi a ƙarƙashin darbejiya, sai na ji sanarwa daga masu hasashen yanayi. Suka ce hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna hadari mai nauyi yana tahowa daga kudu, kuma ana sa ran ruwa da iska a kudancin Kano nan da kwana ɗaya ko biyu, tun lokacinsa bai yi ba. Suka ce mai amfani a fili ya killace. Malaman suka yi dariya suka ci gaba da cin gyaɗa. Ni kuwa na tuna alkamarmu da ke fili. Na nemi izini, na kira maigidana na gaya masa, na hau acaɓa sai gida.

Na same su a gona, Baba yana zaune a inuwar dami, Yaya yana gyara bakin hanyar ruwa. Na gaishe su a gurguje na faɗi abin da ya kawo ni. Yaya ya ɗaga kai, ina jin karon farko ke nan a watan, ya ga sama tas kamar an wanke faranti. Ya ce, "Malama, rana ce ta buge ki a hanya?"

Baba ya ce, "Wa ya faɗa?"

Na ce, "Masu duba yanayi. Tauraro ne ya nuna musu."

"Na masu zuwa watan nan?"

"Irinsa ne, Baba."

"To ki ce su ji da samansu. Gaibu sai Allah."

Na ce ba gaibu ba ne. Wanda ya hau rimi ya hango baƙo tafe ba duba ya yi ba, tsayi ya fi mu. Baba ya yi murmushi, alamar maganar ta yi masa daɗi amma ba ta shige shi ba. Yaya ya ce in an kwashi alkama ba a casa ba, kowane ɗauka sai ta zube, ga aiki biyu, ga dariyar gari. Gaskiya ya faɗa, kuma ni ma ban da tabbas. Sai dai na auna zubewar 'yan ƙwayoyi da tafiyar Yaya Kano, na ga ba su yi kusa ba.

Na durƙusa a gaban Baba na ce, "Tunda nake ban taɓa neman haƙƙin sunan nan da ka ba ni ba. Yau uwarka ce take magana. A kwashe alkamar nan."

Ya cire hula ya sosa kai, ya mayar. Sannan ya ce wa Yaya, "Je ka nemo amalanke. Ba a yi wa uwa musu."

Mun sha tsiya a ranar. Muna tafe da dami a ka, amalanke na gaba, maƙwabta suna tsaye a kan gaɓar kanal. Wani ya ce, "Malam, ko ɓarayi aka ce suna zuwa?" Wani ya ce ko sabon salo ne na 'yan boko, a casa alkama a kan gado. Amma da suka gama dariyar, da yawansu suka sauko suka kama mana, domin a wajenmu ana iya yi maka dariya a kuma ɗaukar maka kaya a lokaci guda. Muka cika soro, muka cika rumfa, muka cika ɗakin Yaya har matarsa ta koma kwana wajen kishiyar Innarmu. Saura ya rage a tsakar gida babu wurin sawa. Sai Baba ya shiga ya ɗauko mukulli ya buɗe ɗakin Inna, wanda ba a buɗe ba tun rasuwarta. Shi da kansa ya shigar da damin farko.

Washegari gari ya waye babu ko ɗigon gajimare. Na kasa komawa makaranta, na kasa fita ƙofar gida. Yaya ya wuce ni a tsakar gida ya ce, "Har yanzu bai iso ba ne, ko ya tsaya shan mai?" Kunya ta ishe ni.

Bayan azahar iska ta tsaya cak, zafi ya yi nauyi. Can sai ta juyo daga kudu, da ƙanshin ƙasa jiƙaƙƙiya. Kafin la'asar gari ya yi baƙi. Na ga mutanen da ba su taɓa kallon sama ba sun tsaya a titi baki buɗe, sannan kowa ya zura da gudu ya nufi gona, wani da tabarma, wani da ledar taki, wani da zanen matarsa. Yaya ya bi su, Baba ma ya ɗingisa ya bi bayansa. Ruwan ya sauka kamar da bakin ƙwarya, ya kuma dawo washegari. Ina zaune a bakin ɗakin Inna ina jin ƙanshin busasshiyar alkama a bayana, ina kuka, kuma na kasa rabe na murna da na tausayi.

Maƙwabtanmu sun yi asara. Alkamar wasu ta yi baƙi, ta wasu ta tsira a cikin dami. Ba wanda muka yi wa dariyar ramuwa, don ba abin dariya a ciki. Da aka casa tamu, ta fito fara sol. Yaya ya tsoma hannu a cikin tsibin har gwiwar hannu, ya daɗe bai cire ba. Bai sake zancen Kano ba.

Ranar rabo Baba ya zauna da kwanonsa. Ya fitar da zakka. Ya auna wa duk wanda ya ɗauki dami, har masu tsiyar bakin kanal, ya ƙara musu da iri na baɗi. Ya auna mini nawa, ya ce na uwa. Sannan ya jawo wani buhu daban ya yi ta zubawa har ya cika, ya ɗaure.

Yaya ya ce, "Baba, wannan fa?"

"Na masu tauraro."

Muka yi dariya, shi bai yi ba. Na ce masa mutanen nan ba a san su ba, suna da yawa, wasunsu ma ba a ƙasar nan suke ba, kuma ba su san an yi mu ba. Ya ce wannan ba ya sauke haƙƙi, sun sa hannu a alkamarsa. Ya ƙara da cewa, "Kuma kada ki je ki ce na canza magana. Sun kyauta mini, na gode. Amma har gobe asibitinmu ba wuta."

Na sha juya wannan magana a raina. Ina godiya ga duk wanda ya ɓata ƙuruciyarsa yana lissafin yadda ƙarfe zai tsaya a sama ya hango mana hadari, ina godiya har cikin zuciyata, domin da aikinsa Allah ya tsare mana gida. In ana gardamar ko kuɗin da ake kashewa a sama ɓarna ne, ba na iya cewa ɓarna ne, na ga amfaninsa a tsakar gidanmu. Amma ba na iya cewa Baba ya yi kuskure. Wanda ya iya wancan, da ya so, zai iya wannan.

Buhun ya yi kwanaki a ɗakin Inna, Baba yana shiga yana fita yana kallonsa. Ran nan da hantsi ya sa Yaya ya ɗora shi a bayan mashin, ya ce in biyo su. Ban san inda za mu ba sai da muka tsaya a ƙofar asibitin garinmu. Rabon Baba da taka wurin tun ranar Inna. Ya tsaya a bakin baranda, ya sa aka kira ungozomar da ke aiki, ya ce a riƙa dama wa masu jego kunu da shi.

Matar ta yi godiya, ta ce, "Baba, in an tambaya in ce daga wa?"

Ya ce, "Ki ce daga masu zuwa wata. Ba su san hanyar nan ba, shi ya sa na kawo musu."

Baba ya rasu yanzu, Allah ya jiƙansa. Gonar tana hannun Yaya, ya sayi tamfol, kuma ya koyi ɗaga kai. Duk shekara ranar casa yana jawo buhu ɗaya daban ya cika, ya ɗora a bayan mashin.