Gilasan da Kawu Ya Ƙi Zubarwa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga Maris, Allah Ya karɓi ran mai kula da na'urar leza a ɗakin gwajinmu, wanda babba da yaro ke kira Kawu.

Kawu, shekara goma sha huɗu muka yi a ɗaki ɗaya. Kai ke narka roba, ka daskarar da ita, ka rufe ta cikin tukunyar ƙarfe, ka zuƙe iskar, sannan hasken leza ya riƙa bugunta har ta kwanta a kan gilashi, shimfiɗar da ta fi fatar albasa sirantaka. Ni kuwa aunawa nake, in rubuta. Ɗalibi ya fasa abu, kai ke zuwa ka ce hannunka ne ya zame. Na sani, ban taɓa nuna na sani ba.

Shimfiɗa mai santsi nake nema. Duk wadda na duba a madubin ƙara girma na ga fuskarta da gudaji da kwari, cewa nake a zubar. Kai kuma sai ka adana ta a aljihun teburinka, ka ce, "Dakta, ba a yar da ɗa don ya yi ƙuraje." Ka sha gaya mini ruwa ba ya kama su, mirginewa yake. Na ɗauka zancen tausayi ne.

Da ka kwanta asibiti na buɗe aljihun, na ɗiga ruwa, na auna. Gaskiyarka ce: gudajin ne ke korar ruwan. Na zo duba ka da maganar a bakina, amma na haɗiye ta, domin ba na faɗin sakamako sai na maimaita sau uku. Ka tambaye ni aiki, na ce da godiya.

Awo na uku ya fito ranar Alhamis. Na juya in gaya maka, kujerarka kawai na gani, da rigar aikinka rataye a bayanta.

Kawu, kai ke da gaskiya.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka da 'ya'yanka mata uku. Allah Ya ba su haƙuri, ni ma Ya ba ni.