Kwana Nawa Daga Sawakin Zuwa Jidda

Wasiƙar farko da na karanta da kaina ta zo ne daga Sawakin, ɗan tsibirin nan na bakin tekun Sudan inda na bar yayana. Lokacin na haura arba'in, ina sayar da ruwa a unguwar Utaibiyya da ke Makka, bayan la'asar kuma in zauna wajen wani tela maƙwabcina yana koya mini baƙi da wasali. Wasiƙar layi shida ce, sai da suka ci mini kwana biyu. An ce idon Yaya ya tafi, 'ya'yansa sun samar masa kujera a jirgin sama, za a kai shi Bur Sudan a mota ya tashi ran Alhamis. Shi kaɗai zai zo aikin hajji, in tarye shi a Jidda.

Wasiƙar ba ta faɗi ranar sauka ba. Ni kuwa da na ƙetare wannan teku, a jirgin katako ne mai tafiya da iska, kwana takwas muka yi muna amai.

Na shiga tambaya. Duk gidan da na sauke ruwa sai na tsaya. Wani direban lori ya ce ɗayyara, wato jirgin sama, ai tsuntsu ce, na ce to tsuntsu ma yana gajiya, a ina za ta huta a tsakiyar ruwa? Wani tsoho Bakatsine ya ce dole dai ana tsayawa salla. Tela ya ce shi ya ji tafiyar ba ta wuce tsakanin azahar da la'asar. Na yi dariya, na ce ya tsaya ga allurarsa.

Sai na auna abin irin na matafiya. Tafiyar da mai tafiya a ƙasa yake yi a kwana takwas, mai doki huɗu ne, mota biyu. Na ba jirgin kwana biyu, har ina ganin na yi masa kara. Na yi Juma'ata a Harami hankali kwance, Asabar bayan asuba na hau lori.

A rumfar alhazai da ke kusa da filin jirgi, wani ɗan dako Badamagare ya dube ni sama da ƙasa.

"Kai ne ƙanin makahon nan? Allah ya shirye ka, malam."

Ya ja ni ƙarshen rumfa. Yaya na zaune kan tabarma, hannu ɗaya a kan wani ƙaton buhu. Tun Alhamis yake wurin. Ya ƙi a gusa da shi ko taku goma, wai kada in zo in rasa shi. 'Yan dako ne ke kai shi kewaye, su juya shi alƙibla.

Na durƙusa. Ya shafa fuskata har gemu, ya ce, "Auta, ashe kai ma ka tsufa."

Na nemi gafara, ya ce ba komai. Amma bakina ya kasa haƙuri, na tambaye shi tsawon tafiyar. Ya ce shi ma bai gane ba. Ya fara wuridi ke nan, kunne na toshewa, sai aka ce a sauka. Ya ƙi tashi, ya ce su je su dawo, shi ba ya sauka a zangon farko. Buhun nan guzurin kwana goma ne, garin gero da dabino da busasshen nama. Nan muka kwance shi muka raba wa 'yan dako.

Muna cikin lori, an wuce rabin hanyar Makka, ya ce abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai. Jiya ya ji kiran Juma'a, ya ji takun mutane suna ta wucewa, kowa na sauri, ya ji nauyin ya ce a ja shi. Azahar ya yi a zaune.

"Kai a ina ka samu taka?"

Na ce masa ya gyara zama, akwai gargada a gaba. Ban gaya masa ba sai bayan Arfa.