Kason Kawu Bitrus

Kirsimetin shekarar da na cika tara ranar Talata ta faɗo, kuma kamar babu wanda ya san da ita a Doha sai mu. Motocin kayan lambu suna ta wucewa zuwa kasuwar Abu Hamour kamar kullum, Baba ya sa rigar aiki ya fita tun da safe. Ni da ƙanena Dauda muna durƙushe a ƙofar kicin muna haɗiyar yawu, Mama tana tsame soyayyen naman rago tana kasa shi kashi biyar a faranti. Huɗu namu ne. Na biyar ta zuba a tsohon gwangwanin madara, ta ɗora can saman kabad inda hannun Dauda ba ya kaiwa ko ya taka kujera. Ya gwada kuwa, ya sha ranƙwashi.

Kason Kawu Bitrus ke nan, ƙanen Mama, wanda yake gadi a wani wurin gine-gine a bayan gari. Mama ta taho da wata doka daga ƙauyensu a ƙasar Zariya: "Kirsimeti ba ta ƙarewa sai kowa ya ci kasonsa." A ƙauye maganar kwana biyu ce, kafin na birni su iso. A Doha kuwa, inda hutun mai gadi yake hannun shugabansa, sai ta koma ta makonni, mu kuma gaba ta kai mu. Muddin gwangwanin nan yana sama, tauraron kwali da muka liƙa wa takardun alewa yana rataye a taga, kwanon cincin ba ya ganin ƙasa, kuma duk Juma'a bayan sujada mu sa kayan Kirsimeti a kai mu Corniche a bakin teku, mu yi ta tsere muna ƙirga jiragen ruwa na katako. Ko wanke-wanke da waƙa muke yinsa. Duk bayan kwana uku Mama ta sauke naman ta sake soya shi don kada ya lalace, ƙamshi ya cika gida sai ka ce yau ce ranar.

Ga abin da ban taɓa gaya wa Mama ba. Bayan addu'ar safe, in kowa ya ce amin, nakan ja Dauda bayan labule mu ƙara tamu: "Allah ya sa kada a ba Kawu hutu." Allah ya sani ba ƙinsa muke ba, shi ne mai ɗora mu a wuya yana haniniya kamar doki. Amma da ya buɗe gwangwanin ya ce, "Yaya, hannunki bai canza ba," sai ya miƙe ya ciro tauraron, shi ke nan, a koma aikin makaranta da shinkafar jiya.

A shekarar hutun bai zo ba. Janairu ta wuce, Fabrairu ta shigo, naman ya ƙanƙance, ya yi baƙi, ya yi tauri kamar tsakuwa, mu kuwa muna ta murna, sakarkaru! Wata rana da azahar waya ta yi ƙara. Kawu ne daga filin jirgi: ginin ya ƙare, an kwashe su daga masauki kai tsaye za a mai da su Najeriya. Ya ce, "Yaya, ki ajiye mini, in kun zo gida zan ci." Mama ta sa gwangwanin a firji. Da dogon hutu muka tafi da shi Najeriya a cikin akwati, muka tarar Kawu ya gaji da zaman banza ya bi wasu samari ta hanyar Agadas. Daga nan babu wanda ya sake jin muryarsa. Mama ta dawo da gwangwanin Doha, tauraron ya ci gaba da rataya har rana ta cinye launinsa, amma ba a sake yin cincin ba.

Yau ni ce mai suyar, a unguwar Ain Khaled a nan Doha, in na taso daga aikin jinya. Baba ya rasu, Mama tana Kaduna gwiwa ta hana ta tafiya, Dauda yana Kanada shekara shida yana jiran takardun da in ya fita babu su ba zai koma ba. Kaso uku nake warewa, na Mama da na Dauda har da na Kawu, kuma na san babu mai zuwa. Na daina yaudarar kaina, hannuna ne dai ya ƙi dainawa. Jiya, ga shi har Maris ya kama, ina sake soyawa, 'yata Saratu mai shekara biyar ta shigo tana tsalle a ƙarƙashin tauraron da muka yi tare. Ta ce, "Mami, Allah ya sa kada su zo da wuri!" Ban san lokacin da na toshe mata baki da hannuna mai maiƙo ba. Ta fashe da kuka, na rungume ta.

An riga an amsa wannan addu'ar tun ina shekara tara.