Metanol ɗin da Na Kwarara Gaba Ɗaya

Har na bar aiki ba zan manta da wata Alhamis ta bayan kaka ba. Lokacin ina babban ma'aikacin ɗakin gwaji a wani aikin bincike a Zuru, muna haɗa man dizal daga man 'ya'yan bini-da-zugu. Matan ƙauyen Manga ne ke tattara 'ya'yan su matse mana, shugabarsu kuma Mama Rifkatu.

Ga yadda ake yi. Akwai wani garin magani mai suna inzayim, shi ke juya mai ya zama dizal. Kamar yis yake, ba ya son a matsa masa. Ana zuba masa wani ruwan sinadari, metanol, kashi uku, da tazarar awanni. Ran nan ina sauri zan tafi ɗaurin aure a Bena, sai na kwarara metanol ɗin gaba ɗaya. Inzayim ya mutu, kwalbarmu ta ƙarshe ke nan.

Da Dakta, shugaban aikin, ya tambaye ni, sai na ce, "Yallaɓai, ina jin ruwa ne a man matan nan." Nan take ya ce za a koma karɓar mai daga garin Kanya.

Ranar Litinin sai ga Mama Rifkatu a kan acaɓa, da galan biyu. Ta durƙusa a gaban Dakta, matar da ta yi sa'ar mahaifiyata.

"Ku yi hanƙuri, mun ɓata muku aiki," in ji ta. "Wannan sau uku mun sake dafa shi, ba ruwa. Kar ku cire mu."

Ta juyo gare ni. "Ɗana, ba laifinka ba ne. Mu ne ba mu yi boko ba."

Kunya ta kama ni har gumi ya jiƙa mini riga. Na ce, "Yallaɓai, man nata lafiya lau yake. Ni na zuba metanol lokaci guda."

Dakta ya ba ni takardar gargaɗi, kuma na cancanta. Mama ta miƙe, ta kaɗe zaninta, ta ce, "Mu ko man gyaɗa, kaɗan-kaɗan muke sa mishi ruwan zafi." Ba ta ƙara ce mini ɗana ba.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku riƙe wannan. In gwaji ya lalace, bakinka zai fara nufar wanda ba ya ɗakin, wanda ba zai iya karanta takardarka ya ƙaryata ka ba. Ni na yi, kuma Mama ta yarda da ni har ta durƙusa.