Wayar da ba ta kai ɗakina ba

Ranar Alhamis ce, kwana arba'in da rasuwar Alhaji, ina cikin takaba a gidanmu na Ladjifarani, 'yata Habsatu ta hau zem, wato babur ɗin haya, zuwa kasuwar Arzèkè ta sayo wayar haɗa kwamfuta da talabijin guda uku. Ita ce take rubuta wannan, ni ban yi boko ba. A kwamfutar shagon ɗana Bawa, inda yake rubuta lodin motoci, akwai bidiyon mahaifinsu na ranar wani suna. Shagon yana bakin titi, direbobi cike, mai takaba ba ta zama a can. Tele kuma, wato talabijin ɗin, tana ɗakina, a ƙarshen gida. Ina kuka na ce musu ina son in ga fuskarsa, don ta fara ɓace mini.

Aka haɗa wayoyin baki da baki, aka bi da su ta kan igiyar shanya. Hoto ya zo da ɗigo-ɗigo, na ga gefen hularsa, sai baƙi. Aka kira mai gyaran tele, ya auna da ƙafa ya ce: "Hajiya, in waya ta wuce mitir goma zuwa sha biyar, hoto gajiya yake yi. Ku kun yi ashirin da biyar, ga ƙulli biyu."

Bawa ya yi ta musu da shi, ni kuwa na gane. A Djougou na tashi, gidan masu fataucin goro, kuma da rani akan kai ni Sérou wurin kakata. Rijiyarta takan yi ƙasa, sai mu ƙulla wa igiya tsohon zane, mu ƙara da ragamar jaki. Gugan fata ne mai yoyo. Ni da 'yan'uwana mukan ja har tafin hannu ya yi ja, muna jin ruwa yana komawa ciki, guga ya iso da abin da bai cika ƙwarya ba. Kakata tana tankaɗe a gindin mangwaro takan ce: "Kun ƙara igiya, kun rage ruwa, ku ja da sauri." Sai mun cika randa uku kafin a bar mu mu yi 'yar carafke.

Na ce wa Bawa a daina sayen waya. Washegari bayan Juma'a ya rufe shago, ya ɗauko kwamfutar a ka kamar buhun doya, ya kawo ɗakina, aka haɗa ta da tele da waya guda ɗaya tak. Ga Alhaji yana raba goro, yana yi wa wanzami tsiya, har giɓinsa na gani.

Da mahaifina ya rasu, rigarsa kawai aka bar mana, yau ko hancinsa ba na tunawa. Alhaji kuwa kowace Juma'a ana kawo mini shi ɗaki. Nakan yi masa sannu da zuwa, shi yana ta rabon goronsa.