Kunnen Kaka Banayan

"Ba zan faɗa ba," in ji Kaka Banayan. "Tsuntsuwa ba ta yi kuka ba."

Ɗanta Fermin, wanda shi ne shugaban ƙauyenmu, ya share gumi. Motocin baƙi sun cika bakin makaranta, an yanka alade, masu kuge sun jeru. An shirya bikin shuka, an buga sanarwa har birni, saura kawai tsohuwa ta hau dandamali ta ce tsuntsuwar da muke kira kilin ta yi kuka.

"Haba Inna! Wa zai je daji ya tambaye ta? Kalma ɗaya ce."

"To kai ka hau ka yi kukan mana. Da kana jariri ka fi ta murya."

Mata suka kwashe da dariya. Shi bai yi ba.

Tun kafin a haife ni aikinta ke nan. Idan damina ta ja baya, kullum da asuba takan ɗauki sanda da dafaffen dankali, ta hau matakalar gonakin shinkafa har bakin daji, ta zauna tana saurare. Kilin 'yar mitsitsiya ce mai jan maƙogwaro. Da farko tsuwwa kawai take yi. Sai ranar da muryarta ta nuna, ta kira sunanta cikakke, sannan muke cewa guguwa ta wuce. A ranar ce Kaka za ta fara yafa iri a gonarta, kowa ya bi baya. Ba a biyan ta. In shuka ta yi kyau a gode wa Allah, in ta lalace a zagi kunnenta.

Maƙwabciyarta Goggo Dumay ta ga shekarar da Kaka ta hau da kumburarriyar gwiwa, tana jan gindi daga mataki zuwa mataki. Ta ce mata, "Ke tsohuwar banza, tsuntsuwar nan mijinki ce?" Kaka ta ce, "Ta fi shi cika alkawari."

Kada wani ya zaci ranar bikin an yi ruwa an ga gaskiyarta. Ba a yi ba. Sama ta yi garau. Fermin ya sa wata ta yafa irin, baƙi suka ɗauki hoto, shinkafa kuma ta yi kyau. Kilin ta yi kukanta bayan 'yan kwanaki, ba wanda ya kula. Da Kaka ta yi ƙaryar, har abada ba mai ganewa. Ni da na yi karatu a birni, inda ake ce mana 'yan dutse masu bin tsuntsu, wannan ne abin da nake ɗaga kai da shi.

Ke ce kika ƙi ara wa tsuntsuwa baki, Kaka. Ke ce mai faɗin abin da kunne ya ji, ko da taro zai watse.

Bana Kaka ta ajiye sanda. Da kanta ta tara mu ta ce kunnen hagu ya mutu, na dama yana bin sa, ba za ta riƙa cewa ta ji ba alhali zato take yi.

Mun gode, Kaka. 'Yan matan ƙauyenmu, wata ta ɗauki sandar nan, amma ta san abin da ke ciki. Tun ranar bikin nan Fermin bai ƙara cin tuwon uwarsa ba. Yakan wuce ta ƙofarta ya gaishe ta kamar baƙuwa. Ita kuwa har yau tana zuba masa nasa kwanon, in ya huce ta juye wa kaji.